Zaiba: dafin da ke tashi cikin hayaƙi, ya sauka cikin kifi

Ƴan uwa manoma, masunta da matan gida, yau za mu yi magana bisa wani ƙarfe da ake kira zaiba. Masu haƙar zinariya sun fi sanin ta da sunan markur. Duk wanda ya taɓa ganin tsohon ma'aunin zafin jiki na likita, wanda ake sa wa marar lafiya a hammata, ya ga zaiba: ita ce farin ruwan nan mai ƙyalli da ke hawa cikin kwalba.

Zaiba ƙarfe ce, amma tana gudu kamar ruwa. Tana da nauyi ƙwarai, litar ɗaya tata ta fi kilo 13 da rabi. In ta zube ƙasa sai ta watse ƴan dunƙule-dunƙule masu sheƙi, shi ya sa yara ke son wasa da ita. Ko ba a sa mata wuta ba, tana tashi sannu-sannu ta zama tururi, kuma zafin ƙasarmu yana ƙara mata sauri. Tururin nan ba shi da launi, ba shi da wari. Mutum zai shaƙe shi bai sani ba.

To, me ya haɗa wannan ƙarfe da kifin tabkin Madarunfa, ko na Tabalak, ko na Gidimuni? Hanya ce mai tsawo, kuma ta sama take bi.

Daga ina take hawa sama?

Tun asali akwai zaiba cikin duwatsu da ƙasa, kuma duwatsu masu aman wuta suna fitar da ita. Amma aikin ɗan Adam ne ya sa ta yi yawa. Sashen kula da muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da lissafi. Lissafin ya nuna cewa cikin shekarar 2015 kaɗai mutane sun saki wajen ton 2,220 na zaiba cikin iska. Kashi 38 bisa 100 daga wurin ƙananan masu haƙar zinariya suka fito. Kashi 21 bisa 100 daga ƙona gawayin ƙasa, watau kwal. Sauran daga masana'antun siminti, da wuraren narka ƙarafa, da juji, da makamantansu.

Ke nan babban mafarin abin ba wata ƙatuwar masana'anta ba ce. Ƴar wuta ce da mutum ɗaya ke hurawa a bakin rami.

Ga yadda aikin yake. Ana haƙo dutse, a daka shi, a niƙa ya zama gari. A wanke garin da ruwa har sai mai nauyi ya rage. Sai a zuba masa zaiba a murza da hannu. Zaiba tana kama ƙwayoyin zinariya, ta bar yashi. A juye cikin ƙyalle a matse, sai a samu wani farin dunƙule mai taushi, wajen rabinsa zinariya, rabi zaiba. Daga nan a ɗora shi bisa garwashi ko a sa masa wutar gas. Zaiba ta tashi, zinariya ta zauna. Mai aiki yana tsugune bisa wutar, ya ƙura ido kada dukiyarsa ta ɓace, tururi kuwa yana shiga hancinsa. In an kai zinariyar gari, mai saye yakan sake ƙona ta cikin shago don ya tabbata da nauyinta, maƙwabta su ma su samu rabonsu.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a Nijar. Tun cikin shekarun 1980 ake haƙar zinariya a Liptako, cikin jihar Tillaberi, musamman a Koma Bangu. A 2014 aka gano ta Jado da ta Cibarakaten a jihar Agadas, samari suka yi ta kwarara can daga Tawa da Maraɗi da Damagaram. A 2021 ta ɓulla a ƙasar Ɗan Isa, cikin gundumar Madarunfa, inda rami ya rufta a watan Nuwamba na shekarar, mutum 18 ko fiye suka rasu. Kowa yana tsoron ruftawar rami, don ana ganin ta da ido, ana jin kukan iyalai. Zaiba kuwa ba ta da ƙara, shi ya sa ake raina ta.

Maganar kwal gajera ce a wurinmu. Wanda ake ƙonawa a Anu Araren don ba da lantarki kaɗan ne ƙwarai in an gwada da na ƙasashen Sin da Indiya. Amma juji namu ne. Ana jefa ƙananan pil na agogo, da dogon ƙwan lantarki, da fasasshen ma'aunin zafi cikin shara, a cinna wuta da maraice. Gobarar daji ita ma tana tayar da zaibar da ta riga ta kwanta bisa ganye da ƙasa, ta mayar da ita sama.

Tafiyarta cikin iska

Hayaƙin itace yakan kwanta kusa. Tururin zaiba ba haka yake ba. Yana iya yin wata shida har shekara guda yana yawo a sama. Mun san ƙurar hunturu, wadda ke tashi daga Sahara ta ƙetare teku har Amurka ta Kudu. To, zaiba ta fi ƙura daɗewa a sama, ta fi ta nisan tafiya. Ba ta san iyakar ƙasa ba, ba ta tsayawa wurin duwan. Masana sun ce yawanta cikin iska ya ninka wanda Allah ya ajiye tun asali wajen sau biyar.

A ƙarshe tana sauka. Wata tana biyo ruwan sama, wata ganyen itatuwa ke shanye ta, in ganyen ya faɗi ta shiga ƙasa. Da damina ruwa ya wanke tudu, ya bi korama, ya tara kome cikin fadama da tabki. Ɗigo ne ƙanƙane, amma da yayyafi kogi kan cika.

Ƙasashen arewacin duniya su suka fara gane wannan, kuma da mamaki suka gane shi. A Suwidin da Kanada akwai dubban tabkuna cikin daji, nesa da gari, ba masana'anta kusa, ruwansu garau. Da aka auna kifinsu sai aka tarar da zaiba mai yawa. Ba wanda ya zuba ta, daga sama ta zo. Hukumar abinci ta Suwidin ta shawarci mata masu ciki da masu shayarwa kada su ci manyan kifayen tabki masu cin ƴan uwansu fiye da sau 2 ko 3 a shekara.

Abin da ke faruwa cikin laka

Nan ne gundarin zancen, sai mu bi shi sannu.

Zaibar da ta sauka cikin tabki tana nutsewa ƙasa, cikin baƙar lakar nan mai wari wadda iska ba ta shiga. Cikin lakar akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Su ne ke sauya zaiba su mayar da ita wani iri dabam, wanda masana ke kira metil-markur. Wannan iri ya fi na farko haɗari nesa ba kusa ba, domin yana shiga jikin mai rai da sauƙi, ya manne wa tsoka, fitarsa kuwa da wuya.

Gansakuka da ƙananan tsirran ruwa su ke fara ɗauka. Ƙwarin ruwa su ci gansakuka. Ƙaramin kifi ya ci ƙwari dubu. Babban kifi ya ci ƙananan kifaye ɗari. Kowane ɗaya yana narkar da abincin da ya ci, amma zaibar tana zama jikinsa. Abin ya yi kama da haraji: kowane magidanci ya ba da kaɗan, mai unguwa ya tara ya kai wa mai gari, mai gari ya kai wa sarki. Abin da ke ƴan kuɗi a hannun talaka ya zama buhu a fada. Cikin ruwa giwan ruwa shi ne sarki, tare da tsage da yauni. Zaibar da ke cikin tsokar irin waɗannan kifaye tana iya ninka ta ruwan da suke ciki sau miliyan. Kuma bisa giwan ruwa akwai wani sarkin, shi ne mutum.

Daga nan za mu fahimci abu biyu. Na farko, ba shan ruwan tabki ke kawo wannan dafi ba, don abin da ke cikin ruwan kansa kaɗan ne ainun. Ruwan tabki yana da nasa cututtuka, amma wannan wata magana ce. Na biyu, tsohon kifi ya fi yaro zaiba, mai cin nama ya fi mai cin ciyawa. Karfasa da bargi, masu cin gansakuka da ƙananan abubuwa, suna ƙasan tsani. Tarwaɗa da kurungu, masu cin duk abin da suka samu, suna tsakiya.

Akwai wani abu da ya kamata masu gina madatsar ruwa su sani. In ruwa ya rufe sabuwar ƙasa mai ciyawa da itatuwa, kayan nan suna ruɓewa, halittun laka su samu abinci, aikinsu ya ƙaru. An ga haka a yankin Kebek na Kanada, inda aka datse kogin La Grande cikin shekarun 1970 da 1980. Zaibar kifi ta ninka sau da yawa, har aka gargaɗi ƙabilar Kiri, waɗanda kifi ne abincinsu, su rage cin wasu kifaye. Sai bayan shekara 20 zuwa 30 abin ya koma yadda yake. A ganinmu wannan darasi ne ga madatsar Kandaji da aka soma ginawa bisa kogin Isa: ranar da ruwa ya taru, a riƙa auna kifinsa tun daga shekarar farko.

Cutar da take kawowa

Sunan wani gari na masunta a ƙasar Japan ya zama sunan cutar: Minamata. Daga 1932 zuwa 1968 masana'antar kamfanin Chisso ta yi ta zuba ruwan datti mai zaiba cikin tekun garin. Dabbobi suka fara nunawa. Kyanwoyi suna tangaɗi, suna juyi kamar masu bori, suna faɗawa ruwa. Tsuntsaye suna faɗowa daga sama. A 1956 aka kai wata yarinya ƴar shekara 5 asibiti, ba ta iya tafiya, magana ta gagare ta, tana farfaɗiya. Bayanta wasu suka biyo. Da farko an ɗauka annoba ce mai yaɗuwa, aka riƙa gudun marasa lafiya, aka ƙi sayayya da su. Sai a 1968 gwamnati ta amince cewa zaibar masana'anta ce. Zuwa 2001 mutum 2,265 hukuma ta tabbatar sun kamu, 1,784 daga cikinsu sun riga sun rasu.

Alamun su ne: hannu da ƙafa da kewayen baki su mutu kamar an daɗe ana zaune bisa su, gani ya ƙuntata kamar mai leƙe ta cikin bututu, ji ya ragu, harshe ya yi nauyi, tafiya ta zama ta mashayi.

Abin da ya fi ba da tausayi a Minamata shi ne jarirai. Uwa tana lafiya lau, ko alamunta kaɗan ne, amma ta haifi ɗa da ƙwaƙwalwa a lalace. Mahaifa tana tare dafi iri-iri, amma wannan yana ratsa ta ya kai ga ɗan tayi, daidai lokacin da ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa.

A Minamata an zuba dafin kai tsaye kuma da yawa. Wanda ke sauka daga iska bai kai haka ba, kada mu tsorata fiye da kima. Ɓarnarsa a ɓoye take: yaro ya yi jinkirin magana, ya kasa riƙe karatu, hankalinsa ya riƙa watsewa. Sai a ce daƙiƙi ne, alhali tun yana ciki aka cuce shi.

Bari mu ɗan ratse, don manoma. A ƙarshen 1971 aka kai irin alkama da sha'ir ƙasar Iraƙi, an shafe shi da maganin zaiba don kada ya ruɓe, an rina shi ja. Ya iso lokacin shuka ya wuce a wurare da yawa. Gargaɗin da ke bisa buhunan ba da Larabci aka rubuta shi ba. Mutane suka wanke jan, suka ɗauka dafin ya fita, suka niƙa suka yi gurasa. Mutum 6,530 aka kwantar a asibiti, 459 suka mutu can. Magungunan iri na yau wasu ne dabam, amma dafi ne su ma. Irin da aka rina na shuka ne, ba na tukunya ba, ba na kaji ba, kome tsananin yunwa.

Shin mu daina cin kifi?

A'a, ko kaɗan. Kifi abinci ne mai gina jiki, kuma mansa yana taimakon ƙwaƙwalwar ɗan tayi. A ƙasar da nama ya yi tsada, tamowa kuma tana kama yara kowace shekara, hana mai ciki kifi zai fi zaiba ɓarna. Ma'aunin da ƙasashe da yawa ke bi shi ne kada zaiba ta wuce rabin miligaram cikin kilo ɗaya na kifi, ko miligaram ɗaya ga manyan masu cin nama. Awon da aka yi cikin tabkuna da dama na Afirka, har da babban tabkin Biktoriya, ya nuna yawancin kifaye suna ƙasa da wannan iyaka, kuma sun fi na tabkunan arewacin duniya tsabta. Wannan alheri ne da muke da shi. Tambayar ita ce ko za mu riƙe shi, ga wuraren zinariya suna ƙaruwa daga Gana zuwa Burkina Faso, daga Mali zuwa Sudan, da nan gida.

Abin da ya dace da mai ciki, da mai shayarwa, da ƙananan yara, shi ne zaɓe. Su fi cin karfasa da ƙananan kifaye. Ƙaton giwan ruwa da tsage su zama na lokaci-lokaci. A guji kifin ruwan da ake wanke zinariya a bakinsa, ko wanda ke gangarowa daga can. Mun san al'ada ce mai gida ya sayo wa matarsa mai ciki kifi mafi girma a kasuwa don nuna kulawa. Da kuɗin nan gara ya cika mata kwano da ƙanana. Mai shayarwa kuwa ta ci gaba da ba da nono, amfaninsa ya rinjayi wannan damuwa.

Kada a dogara da girki. Zaiba tana cikin tsokar kanta. Wanki ba ya fid da ita, haka tafasa, haka suya. Banda da shanya ruwa kawai suke fitarwa. Fere fata da cire kitse ba sa rage ta. Ido ma ba ya gane kifi mai zaiba, ƙamshinsa da ɗanɗanonsa daidai da na sauran. Jiki yana fitar da ita da kansa, amma a hankali: sai wajen wata biyu rabin abin da aka ci ke fita. Masana sukan gane yawanta a jikin mutum ta hanyar auna gashin kansa.

Maganin yana wurin wuta

Ga labari mai ƙarfafa zuciya. A Kanada masana sun keɓe wani ƙaramin tabki don gwaji. Daga 2001 zuwa 2007 suka riƙa zuba masa ƴar zaiba mai alama, wadda za su iya bambanta ta da ta da, kamar yadda makiyayi ke yi wa dabbarsa shaida. Ba a daɗe ba ta bayyana cikin kifi. Sai suka daina zubawa, suka ci gaba da awo. Cikin shekara 8 zaiba mai alamar ta ragu da kashi 76 bisa 100 cikin babban kifi mai cin nama, da kashi 38 bisa 100 cikin wani kifi mai tsawon rai. An bayyana sakamakon a ƙarshen 2021. Ma'anarsa: in aka rage abin da ke sauka, tabki yana warkewa, tun waɗanda suka rage suna da rai.

Don haka ne ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya bisa zaiba a 2013, suka sa mata sunan Minamata. Ta fara aiki ran 16 ga Agusta 2017, kuma Nijar tana cikin waɗanda suka amince da ita. Ta nemi a daina yin ma'aunin zafi da pil masu zaiba. A 2023 aka ƙara da hana duk man shafawa da sabulu masu zaiba, irin waɗanda wasu mata ke shafawa don fata ta yi haske, alhali suna lalata ƙoda. Bisa zinariya kuwa, yarjejeniyar ta ambaci munanan ayyuka da ya kamata a kawar: zuba zaiba cikin garin dutse gaba ɗaya tun ba a wanke shi ba, ƙona dunƙule a fili, da ƙona shi cikin unguwar da mutane ke zaune.

Ba mu ce saurayin da gona ta kasa ciyar da shi ya bar ramin zinariya don an sa hannu bisa takarda a wata ƙasa ba. Ba zai ji ba. Amma akwai abin da ke hannunsa. Akwai wata ƴar tukunyar ƙarfe mai murfi da lanƙwasasshen bututu, wadda maƙeri ko mai walda zai iya haɗawa da guntayen bututun ruwa. A sa dunƙulen ciki, a rufe gam, a hura wuta. Tururin ya bi bututu ya huce, zaiba ta ɗiga cikin kwanon ruwa. In an yi aikin daidai ana mayar da fiye da kashi 90 bisa 100, a sake aiki da ita, kuɗin sayen sabuwa ya zauna aljihu. Sharaɗi shi ne kada a buɗe tukunyar sai ta huce sarai, kuma a waje, nesa da gidaje. Wanke gari da kyau kafin a sa zaiba shi ma yana rage yawan da ake bukata ƙwarai.

Kada a kawo aikin zinariya cikin gida. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga sakamakon haka a 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka mutu. Can dalma ce da ke cikin dutsen ta kashe su, ba zaiba ba, amma ƙofa ɗaya dafin ya biyo: an daka dutse a tsakar gida, da turmin da ake daka hatsi. Tufafin aiki su tsaya wurin aiki. Kwanon da ya taɓa zaiba ya rabu da abinci har abada. Mai ciki da yaro kada su matsa kusa da wurin ƙonawa.

In ma'aunin zafi ya fashe a ɗaki, a fitar da yara, a buɗe ƙofa da taga. Kada a share da tsintsiya, don tana ƙara watsa ta. A tattara ƴan dunƙulen da takarda mai kauri, a zuba cikin kwalba mai murfi da ɗan ruwa, a kai wa ma'aikatan likita. Kada a jefa ta juji ko masai.

Wanda ya dawo daga wurin zinariya hannunsa yana rawa, dasashinsa ya kumbura, barci ya ƙaurace masa, yana yawan mantuwa ko saurin fushi ba dalili, kada a tsaya cewa iska ce ko sammu. A kai shi likita, kuma ya faɗa musu a fili cewa ya yi aiki da markur, da tsawon lokacin da ya yi yana ƙona ta.